Yadda ake bin sawun majinyaci a asibiti, daga ɗakin kati zuwa sallama

Ka tambayi mai ɗakin kati mutum nawa ya yi wa kati jiya, nan take zai buɗe rajista ya faɗa maka. Mai ɗakin gwaji ma yana da nasa lissafin, haka mai ɗakin magani. Amma ka ce a faɗa maka awa nawa matar da ta taso daga Dukku da asuba ta kwashe kafin maganin ɗanta ya shiga hannunta, sau nawa ta hau layi, sau nawa aka ce ta koma ta biya kuɗi, sai ka ga an fara kallon juna. Kowa ya san teburinsa, tafiyar gaba ɗayanta kuwa ita kaɗai ta san ta, ita kuma ba a tambayarta.

Dabarar da Turawa ke kira furoses mainin, wato haƙo tsarin aiki daga cikin bayanai, wannan giɓin take cikewa. Ni na fi son in kira ta bin sawu, domin duk inda majinyaci ya tsaya a asibiti yana barin sawu: sa hannu a rajista, rasit, takardar gwaji, rubutun nas a folda. In aka tattara waɗannan aka jera su bisa lokaci, sai hanyar da mutane suke bi a zahiri ta fito, a ajiye ta kusa da wadda aka rubuta a takarda cewa ita ake bi. Farfesa Wil van der Aalst, ɗan ƙasar Holan, shi ne jagoran wannan fanni. Ya daɗe a jami'ar fasaha ta Eindhoven kafin ya koma jami'ar Aachen ta Jamus a 2018, kuma a 2011 ne ƙwararrun fannin suka fitar da takardar matsayarsu, inda suka kasa aikin gida uku: gano hanyar da ake bi, gwada ta da ƙa'ida, sai gyara ta. Abin da zai biyo baya an tsara shi ne don irin asibitocinmu na jihar Gombe, inda har yanzu biro da rajista suka fi kwamfuta aiki.

Mataki na farko: tsayar da tambaya guda

Kada ka ce za ka bi sawun asibiti baki ɗaya, za ka nutse. Zaɓi rukunin majinyata guda da tambaya guda, kuma tambayar ta zama irin wadda majinyaci zai yi da bakinsa. Yaron da aka kawo da zazzaɓi da jijjiga, minti nawa tsakanin shigowarsa da allurar farko? Mai ciki da ta zo awo, ƙarfe nawa take isowa, ƙarfe nawa take fita? Wanda aka rubuta wa gwaji, mutum nawa ne suke dawowa wurin likita da sakamako?

A kudancin jihar tambayar da ta fi kowace nauyi tana iya zama ta saran maciji. Kaltungo ta shahara da asibitin masu saran maciji, kuma kububuwa, wadda ta fi yi wa manoma da makiyayan yankin ɓarna, dafinta yana hana jini daskarewa. Ana ɗibar jini a sa a kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jiki. To ga hanya gajeriya mai matakai sanannu: isowa, ɗibar jini, karanta sakamako, ɗaura maganin dafi. Irin wannan ita ta fi daɗin fara koyo, domin kowane minti da aka gano yana da ma'ana.

Dalilin da ya sa na nace a kan tambayar majinyaci shi ne, tun 2001 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta lissafa abubuwa 6 da ake auna ingancin kula da lafiya da su: tsira daga cutarwa, magani mai aiki, sa majinyaci a gaba, yin abu a kan lokaci, rashin almubazzaranci, da adalci tsakanin mutane. Hukumar asibiti takan fi jin na biyar, don shi ke taɓa kuɗi. In ka bari ita kaɗai ta zaɓar maka tambaya, za ka ƙare da lissafin yadda likita zai ga mutum da yawa a awa guda, abin da ba lallai ya rage wa kowa wahala ba.

Mataki na biyu: izini da amana

Wannan ba shi da tsawo, amma ba a tsallake shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan majinyaci sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Sami amincewar shugaban asibiti a rubuce. In kana da niyyar wallafa sakamakon, sai ka bi ta kwamitin ɗa'ar bincike, irin wanda manyan asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suke da shi. Sannan ka zauna da matiron, da shugaban ɗakin kati, da na ɗakin gwaji, ka faɗa musu ƙarara cewa hanya ake aunawa, ba a neman wanda za a kama da laifi. In ba su yarda da wannan a zuci ba, lokutan da za su rubuta maka za su yi kyau ƙwarai, kuma ba za su amfane ka da komai ba.

Mataki na uku: haɗa kundin sawu

A nan aikin yake. In ka kasa wahalar gida goma, bakwai a nan za su tafi.

Kundin sawu tebur ne kawai, kowane layi abu guda ne da ya faru da mutum guda. Ginshiƙai uku ne dole: lambar zuwa, abin da aka yi, da lokacin da aka yi shi. Ga misalin da na ƙirƙira don a ga fasalinsa:

417, isowa, 07:10
417, karɓar kati, 08:25
417, awon zafin jiki da nauyi, 08:50
417, ganin likita, 10:40
417, biyan kuɗi, 11:15
417, ɗibar jini, 11:50
417, fitar sakamako, 13:20
417, ganin likita, 14:05
417, biyan kuɗi, 14:30
417, karɓar magani, 15:00

A kundi na gaske kowane lokaci yana tafe da kwanan wata. Ko a wannan ɗan misalin ka riga ka ga abin da rajistar kowane sashe ba za ta nuna maka ba: kusan awa 8 a asibiti, biyan kuɗi sau biyu, ganin likita sau biyu.

Ka lura na ce lambar zuwa, ban ce lambar kati ba. Kati guda yana iya zuwa asibiti sau goma a shekara, ga kuma katin iyali da wasu asibitoci ke yi, inda maigida da matansa da 'ya'yansa duk lamba ɗaya suke amfani da ita. In ka ɗauki lambar kati a matsayin mutum, kwamfuta za ta zana maka majinyacin da ya haihu ranar Litinin, aka yi masa kaciya ranar Laraba, aka auna masa hawan jini ranar Juma'a. Saboda haka kowane zuwa a ba shi lambarsa daban. Sai fa in tambayarka ta shafi dogon zango ce, kamar awon ciki daga rajista zuwa haihuwa, to a nan cikin guda shi ne lamba guda.

In da hali ka ƙara wasu ginshiƙan: sashe, rukunin ma'aikacin da ya yi aikin ba sunansa ba, jinsin majinyaci, rukunin shekaru, ƙaramar hukumar da ya fito, da yadda yake biya, da kuɗin hannu ne ko ta GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko inshorar tarayya. Abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne a rubuta lokacin farawa da na gamawa. Da lokaci guda kawai, ba za ka iya raba jira da aiki ba. Tsakanin 08:50 da 10:40 a misalin sama, ba ka san ko likita ya yi minti 4 da yaron ba ko minti 20.

Daga ina za a samo bayanan? In asibitinku yana amfani da kwamfuta wajen kati, kuɗi da gwaji, sai ka roƙi mai kula da ita ya fitar maka da su a fayil ɗin CSV, wato tebur mai sauƙi da Excel ke iya buɗewa. Wani zai ce ai muna da DHIS2. Wannan manhaja, wadda aka gina a jami'ar Oslo ta Norwe kuma Nijeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, jimillar wata ake zuba mata daga fom ɗin taƙaitawa: masu zazzaɓi kaza, masu awo kaza. Jimilla ba ta da sawu, ba za ka bi mutum guda a cikinta ba.

In babu kwamfuta, hanyar da na fi yarda da ita ita ce takardar rakiya. Ƙaramar takarda ce da za a ba majinyaci a ƙofa, an buga mata lamba da jerin wuraren tsayawa, kowane ma'aikaci ya rubuta lokacin da mutum ya zo gabansa da lokacin da ya tashi, a karɓe ta wurin fita. Mutum guda ya tsaya a ƙofa tun kafin a buɗe ɗakin kati, domin jiran farko, wanda ake yi a kan benci tun bayan sallar asuba, babu rajistar da ke ɗauke da shi, kuma sau da yawa shi ne mafi tsawo. Da yamma a shigar da takardun cikin Excel, ko cikin waya ta manhajojin tattara bayanai irin KoboToolbox ko ODK, waɗanda suke aiki ko babu intanet. Mako biyu zuwa huɗu sun isa zagayen farko, muddin kowace rana ta mako ta shiga, don Litinin da Juma'a ba ɗaya ba ne, ranar kasuwa ma a garuruwa irin Kumo ko Bajoga tana da nata hali.

Kafin a fara, a daidaita agogo. Abin kamar wasa, amma in agogon bangon ɗakin gwaji yana baya da minti 12, za ka iya samun sakamakon da ya fito kafin a ɗebi jini. Kowa ya yi amfani da agogon waya, a kuma rubuta da lissafin awa 24.

Mataki na huɗu: tankaɗe da rairaya

Fara da cire suna, lambar waya da adireshi. Lambar kati ma a musanya ta da wata, takardar da ke haɗa lambobin biyu a kulle ta wurin mutum guda. Ka tuna cewa cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum: tsohuwa mai shekara 80 daga ƙaramin ƙauye da cutar da ba a saba gani ba, kowa zai gane ta. Haɗe shekaru rukuni-rukuni, ƙauye kuma ka mayar da shi ƙaramar hukuma.

Sai sunayen matakai. Wani ya rubuta lab, wani gwaji, wani ɗibar jini, kwamfuta kuwa abu uku za ta ɗauke su. Tsayar da jeri guda, matakai 10 zuwa 20, kowa ya koma ƙarƙashinsa.

Daga nan ka zauna da lokutan, ka dube su da idon zargi. Excel yana da halin juya rana da wata, 03/04 ya koma 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ake nufi. Wanda aka kwantar 23:40 aka yi masa allura 00:15, in aka manta canja kwanan wata, zai fito kamar an yi masa allura kusan awa 24 kafin ya zo. In ka ga yawancin lokutan wani sashe suna ƙarewa da 00 ko 30, kintata ake yi, ba a duba agogo. In kuma ka ga mutum 15 duk an ba su magani 13:55, to lokacin rubutu ne aka sa a ƙarshen dutin safe, ba lokacin bayarwa ba. Wannan matsalar tana nan ko a asibitin da ke da kwamfuta, musamman in wuta ta ɗauke aka yi aiki a takarda, aka shigar daga baya.

Kada ka goge abin da bai yi maka daɗi ba. Ware shi gefe, ka rubuta nawa ka ware da dalili. Waɗanda sawunsu ya yanke a tsakiya kuwa kada ka taɓa su, za mu dawo kansu.

Mataki na biyar: fito da taswira

Ga manhajojin da aka sani. ProM kyauta ce, daga Eindhoven, tana da kayan aiki da yawa amma tana da wuyar sabo. Disco ta kamfanin Fluxicon ita ta fi sauƙi ga sabon hannu, ta kuɗi ce amma suna da tsarin lasisi ga jami'o'i. Cikin harsunan rubuta manhaja, mai iya Python yana da PM4Py, mai iya R yana da bupaR da aka gina a jami'ar Hasselt ta Beljiyam. Duk waɗannan a kan kwamfutarka suke aiki, ba sai ka tura bayanan majinyata wani wuri ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai tsarin fayil na musamman mai suna XES da aka amince da shi a 2016, sai dai CSV ya wadatar, manhajojin suna karɓarsa. Mai son gwada hannu kafin ya taɓa bayanan gida, akwai kundin da aka saki kyauta daga wani asibiti a Holan, na masu cutar da ƙwayoyinta suka shiga jini, mai zuwa 1,050 da matakai 16.

Amma ina ba da shawarar ka yi zagayen farko da Excel, don ka gane abin da manhajar take yi a ɓoye. Jera teburin bisa lambar zuwa, sannan bisa lokaci. Buɗe sabon ginshiƙi: in lambar layin ƙasa ɗaya ce da ta wannan layin, ɗauko matakin ƙasa, in ba haka ba rubuta ƙarshe. Buɗe wani ginshiƙin ka cire lokacin wannan layi daga na ƙasa. Sai ka yi PivotTable, wato teburin ƙidaya na Excel, mataki a gefe, mataki na gaba a sama. Abin da ya fito shi ne wane mataki ke bin wane, sau nawa, da tazarar da ke tsakani. Ɗauki takarda ka zana akwati ga kowane mataki, kibiya ga kowace bi-da-bi, mai yawa ka kaurara ta. Taswirar ke nan. Manyan dabarun lissafi irin su Heuristics Miner da Inductive Miner daga wannan tushe suke tashi, sai su ƙara gane matakan da ke tafiya tare da waɗanda ake zaɓa tsakaninsu.

Taswirar farko za ta ba ka tsoro. Masana fannin da kansu taliya suke kiranta, don haka take fitowa, a cukurkuɗe. Asibiti ba masana'anta ba ce, kowane majinyaci da irin tasa. Maganin abin shi ne a rage: nuna kibiyoyin da aka fi bi tukuna, sannan a riƙa ƙara sauran kaɗan-kaɗan, ko a raba majinyata rukuni-rukuni a zana wa kowane tasa. Sai dai a yi hattara, hanyar da mutum uku kacal suka bi tana iya zama ta waɗanda suka fi kowa jin jiki. Ɓoye ta don taswira ta yi kyau daidai yake da share ɗaki a tura datti ƙarƙashin gado.

Mataki na shida: karanta ta da idon mai jinya

Fara da jira. Kada ka dogara da matsakaicin da ake samu ta haɗawa a raba, mutum guda da ya kwana yana jiran jini zai ja shi sama. Jera lokutan daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. Sannan ka ɗauki na mutum na 90 cikin 100, shi ne zai gaya maka halin da marasa sa'a suke ciki. Ana iya samun na tsakiya minti 40, na 90 kuma awa 4, kuma masu awa 4 su ne suke komawa gida su ce ba za su sake zuwa ba.

Sai komawa baya. Ƙirga sau nawa mutum guda yake komawa wurin kashiya, sau nawa ake sake ɗibar jini, sau nawa ake mayar da shi ɗakin kati don ba a ga folda ba. Ga ma'aikaci kowane biya minti biyu ne. Ga matar da ke goye da yaro mai zazzaɓi, sabon layi ne da tafiya a rana.

Na uku, waɗanda sawunsu ya ɓace. An rubuta gwaji, ba biya, ba ɗibar jini. An rubuta magani, ba a karɓa ba. An karɓi kati, ba a ga likita ba. Waɗannan ba sa cikin rahoton kowa, domin kowane sashe wanda ya zo gabansa yake ƙirgawa. Gano matakin da aka fi ɓacewa bayansa. In bayan faɗin kuɗin gwaji ne, ka san inda za ka duba. In a ɗakin magani ne, watakila maganin ne babu aka ce a je kemis.

Na huɗu, gwada da ƙa'ida. Rubuta ƙa'idar a jimla guda da za a iya cewa e ko a'a a kanta. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a ba da magani? Mai zazzaɓi mai tsanani ya sami allurar atesunet a farko, bayan awa 12, da bayan awa 24? Mai ciki ta sha maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani? Awo nawa ta samu cikin 8 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016? Ƙirga waɗanda suka dace da waɗanda suka kauce, sannan ka ɗauko foldar wasu daga masu kaucewar ka zauna da likita. Kaucewa ba kullum kuskure ba ce. Yaron da aka wuce da shi kai tsaye aka yi masa allura kafin kati da biya, taswira za ta nuna ya karya tsari, alhali ma'aikatan abin yabo suka yi.

Na ƙarshe a wannan mataki, raba sakamakon. Maza da mata, 'yan cikin gari da na ƙauye, masu inshora da masu kuɗin hannu, dutin rana da na dare. Jihar Gombe ƙananan hukumomi 11 ne da harsuna da yawa, Fulfulde, Tangale, Tera, Waja, Tula, Bolanci da sauransu. In takardar rakiya tana da gurbin ko majinyaci ya buƙaci tafinta, za ka iya ganin ko wanda ba ya jin Hausa sosai ya fi yawan ɓata hanya tsakanin sassa.

Mataki na bakwai: koma wurin masu abin

Taswira tana nuna inda aka tsaya, ba ta faɗin dalili. Tazarar awa 3 tsakanin rubuta ƙarin jini da ɗaura shi tana iya zama ta ɗakin gwaji, tana iya zama ta neman wanda zai ba da jini, ko ta jiran maigida ya iso da kuɗi daga gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka buga taswirar a babbar takarda, ka kai wa ma'aikatan sashen, ka tambaye su ko haka abin yake. Kada ka manta da masu shara, masu gadi da masinjoji, su ne suke nuna wa mutane hanya, sun san inda ake ruɗewa fiye da kowa.

Sannan majinyata da masu jinyarsu. A tsayar da mutum 20 ko 30 a wurin fita, wanda zai tambaye su kada ya zama ma'aikacin da ya duba su, mata kuma mace ta tambaye su. Tambayoyi kaɗan: ina kuka fi shan wahala yau, an faɗa muku abin da kuke jira, kun gane yadda za a sha maganin, an sakaya ku lokacin dubawa? Za ka iya tarar da cewa jiran da ya fi tsawo a taswira ba shi ya fi ƙona musu rai ba. Awa biyu a inuwa bayan an ce "Hajiya, sakamakon sai ƙarfe ɗaya" ta fi sauƙi a kan minti 40 a tsaye ba wanda ya ce uffan. Kuma akwai abin da kundin ba zai taɓa gani ba. Tun 1994 masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa suka kasa jinkiri gida uku: na yanke shawarar zuwa asibiti, na hanya, da na cikin asibiti. Bin sawu na ukun kawai yake kamawa, sai in ka ƙara tambayar yaushe ciwon ya fara da yaushe aka baro gida a takardar rakiya, abin da ya kamata a yi ga naƙuda da saran maciji.

Mataki na takwas: canja abu guda, ka sake aunawa

Zaɓi gyara guda wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga ma'aikata. Misali nas ta riƙa zaga benci tun da safe tana zaƙulo yaran da ke jijjiga ko numfashi sama-sama a wuce da su gaba. Ko a ba nas damar yin gwajin zazzaɓi na nan take kafin ganin likita, ganin likita biyu ya koma ɗaya. Ko a haɗe biyan kuɗi. Ko a fito da foldojin masu awo tun daren jiya. In matsalar ta isowa ce a lokaci guda, lissafin a bayyane yake: a ce mutum 120 sun taru kafin ƙarfe 9, likitoci 3, kowane yana ganin 10 a awa, to na ƙarshe sai ya yi awa 4 ko da ba wanda ya yi lalaci. Maganin wannan raba lokutan zuwa ne ga masu dawowa, 'yan cikin gari a ba su rana tsaka, a bar safiya ga masu zuwa daga nesa da ke son komawa kafin mota ta ƙare a tasha.

Rubuta tun kafin a fara wane adadi kake sa ran zai motsa, da wanda kake tsoron zai lalace. Cunkoso yana da halin ƙaura: ka buɗe ɗakin kati, ya koma ƙofar likita, ka buɗe nan, ya koma ɗakin magani. Shi ya sa abin dubawa na gaskiya shi ne daga isowa zuwa fita, tare da yawan masu ɓacewa a hanya. In lokacin ganin likita ya ragu daga minti 8 zuwa 3 don a rage layi, wannan ba ci gaba ba ne, kuma tambayoyin wurin fita za su tona shi.

Bayan mako 4 zuwa 6 a sake raba takardar rakiya, irin ta farko ba tare da canja ko layi ɗaya ba, a ranaku iri ɗaya, agogo a daidaice. A kula da yanayin shekara: zazzaɓin cizon sauro yana cika asibitocinmu daga tsakiyar damina zuwa kaka, azumi yana sauya lokutan zuwan mutane, lokacin girbi kuma mutanen ƙauye sukan jinkirta zuwa. In ka auna a Satumba ka sake aunawa a Fabrairu, sauƙin da za ka gani na rani ne. In tazarar ta zama dole, sai ka rubuta yawan waɗanda suka zo kowace rana a zagayen biyu, ka gwada ranakun da yawansu ya yi kusa da juna, sannan ka liƙa taswirar da da ta yanzu a bangon sashen inda ma'aikata da masu jinya za su gan su.